Matakala Ɗari da Sha Bakwai

Ƙarfe uku na dare nake kulle ƙofa.
Valparaíso na barci a kan duwatsunta
kamar wankin da aka shanya aka manta.
Tanda na jirana can ƙasa, daura da tashar jiragen ruwa,
tsakanina da ita matakala ɗari da sha bakwai.
Fitilu uku ne a hanyar.
Biyu sun mutu tun bara.

Yayana Aníbal ne ya ba ni ita,
ran da aka fizge wa Fresia jaka a kwana ta biyu
aka bar ta da rabin haƙori.
Wuƙar gyaran kifi ce, mai naɗewa,
ƙotarta ta yi baƙi da gumin tafinsa.
Ya ce, "Ba don ki soki kowa ba, Leontina.
Ki dai san tana nan."
Na kuwa sani.
Abin da bai faɗa mini ba shi ne
ba ta barin mai ita ya manta.

Ba ta kai burodi guda nauyi ba,
amma tana rinjayar aljihun rigar sanyina,
tana rinjayar idona.
Dā fuska nake fara dubawa in na hango mutum.
Yanzu hannu, sannan wuya,
sannan in auna taku nawa ya rage tsakaninmu.
Har yaron da ke kawo mana tukunyar gas,
wanda na je sunansa,
na taɓa kama kaina ina laluben inda haƙarƙarinsa ya ƙare.
Ran nan abinci ya ƙi wuce mini maƙogwaro.

Wata Laraba cikin Yuli, sanyi na cizo,
yayyafi na tasowa daga teku,
karnukan unguwa duk sun yi tsit.
A matakala ta sittin na ji taku a bayana.
Na rage sauri, ya rage.
Na buɗe ta cikin aljihu, da hannu ɗaya,
yadda Aníbal ya koya mini a kicin muna dariya.
Bakinta ya fara gaisawa da babban yatsana.
Ban ji zafi ba,
ɗumi kawai na ji yana bin tafina.

Sai ga shi.
Dogo, hula har gira, warin taba da gishiri.
Hanyar matsattsiya ce, kafaɗarsa ta gogi tawa.
Ya dubi aljihuna.
Na dubi nasa:
shi ma hannunsa na ciki, a dunƙule.
Ba wanda ya ce uffan.
Ya gangara yana tsallake biyu-biyu
kamar wanda ya sha da ƙyar.

Har yau ban sani ba.
Ɓarawo ne da ya ga kasuwa ba riba,
ko ɗan dako ne mai yaya irin nawa,
da ya isa gida ya ce wa matarsa
yau wata mata ta so kashe shi a matakala?

A gidan burodi Don Eleodoro ya naɗe mini yatsa da tsumma,
yana mita kada jini ya ɗiga a kwaɓi.
Ya ce me ya same ni.
Na ce wuƙa.
Ya ce in riƙa kula.

Muka fitar da burodin farko kafin jiragen su yi kuka.
Rana ta fito, matakalar ta koma matakala,
da tukwanen fure, da kyanwa, da yara masu jakar makaranta.
Na hau ina neman ɗigon jinina a kan siminti,
ruwa ya riga ya wanke.

Na wanke ta ita ma, na ajiye kan tebur kusa da makulli.
Fresia ta ce in riƙe.
Mahaifiyata ta ce in jefa a teku.
Su duka biyu suna barci ƙarfe uku.

Ga agogo ya buga.
Takalmi, rigar sanyi, makulli.
Hannuna mai tsumma ya tsaya a kan teburin,
yana jira in gaya masa.